Yawon buɗe ido a kurmin Kuros Riba: shin abin da ya karɓi Ruwanda zai karɓe mu?

Tun shekarar 2018 da masu zuwa gidajen kallon ƙwallo suka fara ganin sunan Ruwanda a hannun rigar 'yan wasan Arsenal, akwai tambayar da ke dawowa duk sanda aka ɗauko hirar yawon buɗe ido a Najeriya. Ga ƙasa wadda ba ta kai jihar Kaduna faɗi ba, amma tana karɓar dala 1,500 a hannun baƙo guda don kawai ya zauna awa ɗaya yana kallon goggon birin nan da ake kira gorila. Mu ma muna da gorila a kurmin jihar Kuros Riba, har ma irin namu ya fi nasu wuyar samu a duniya. To me ya hana mu cin wannan kasuwa?

Amsar da aka fi ji ita ce sakacin gwamnati. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Wanda ya ɗauka da an samu gwamna mai kishi, an gina otal, an yi talla, shi ke nan daloli za su fara zuba, kallon kitse yake yi wa rogo. Lamarin kurmi yana da nasa lissafin, kuma lissafin ba a ofishin gwamna ake rufe shi ba, a ƙauyen da ke bakin dajin ake rufe shi.

Me ake nufi da yawon buɗe ido mai ɗorewa?

Ba duk tafiya zuwa daji ce ta cancanci wannan suna ba. Idan matasa suka cika mota suka je bakin wani rafi, suka ci suka sha, suka bar ledoji suka dawo, sun yi shaƙatawa, amma dajin bai ƙaru da komai ba. Abin da masana suke nufi, tun daga wajen 1990 da kalmar ta fara yaɗuwa, ziyara ce da ta cika sharuɗɗa biyu a lokaci guda. Na farko, kada ta lalata wurin da aka zo gani, kuma wani kaso na kuɗin ya koma ga tsaronsa. Na biyu, mutanen da suka gaji wurin kaka da kakanni su amfana, amfanin da za su iya ƙirgawa da yatsunsu.

Sharaɗi na biyun ne ake yawan tsallakewa a jawabin buɗe taro, alhali shi ne ginshiƙin. Daji ba ya sare kansa. Mutum ne ke sare shi, kuma yana yi ne don akwai kuɗi a cikin saran. Dabarar yawon buɗe ido gaba ɗayanta ita ce a mai da itacen da ke tsaye ya fi wanda aka kayar daraja a idon mai riƙe da injin yanka. Duk shirin da bai taɓa aljihun wannan mutumin ba, ko da an kira shi da kowane irin suna mai daɗi, harkar otal ce kawai da aka kai cikin daji.

Wane daji ake magana a kai?

Bahaushe ya daɗe yana kiran kudancin ƙasar nan Kurmi, saboda a da haka yake: duhuwar itatuwa tun daga Ijebu har iyakar Kamaru. Yau mafi yawansa ya zama gonaki da garuruwa. Abin da ya rage mai kauri, kaso mafi girma yana jihar Kuros Riba.

A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Kuros Riba, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,000, a ɓangare biyu da ba su haɗe da juna ba. Akwai Oban a kudu, ba nisa da Kalaba, wanda ya jingina da gandun Korup na Kamaru. Akwai Okwangwo a arewa, wanda ya jingina da gandun Takamanda. Kusa da Okwangwo, a ƙaramar hukumar Boki, akwai Dutsen Afi da gwamnatin jiha ta keɓe wa namun daji a shekarar 2000, sannan akwai Duwatsun Mbe, waɗanda ba gwamnati ke riƙe da su ba, ƙauyuka tara ne suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ke kula da su. A 2020 hukumar UNESCO ta saka Oban da Okwangwo cikin jerin wuraren da take ba matsayi na musamman, a zama ɗaya da dausayin Haɗeja da Nguru da Bade.

Dukiyar da ke ciki ba ƙarama ba ce. Gorilar Kuros Riba, wadda duk duniya ba a samun ta sai a wannan iyaka ta Najeriya da Kamaru, ƙiyasi ya nuna ba ta wuce 300 ba, kuma kusan 100 ne a ɓangarenmu. Akwai birin dril mai baƙar fuska, akwai cimfanzi, akwai ragowar giwayen kurmi. A wajen garin Boje na Boki kuwa, duk lokacin da sanyi ya kama Turai, tsattsewa kan yi ƙaura ta zo ta kwana a cikin dogayen ciyayin gefen dutse, da yawan da in suka taso da almuru sai su rufe sararin sama.

Kurmi ba Yankari ba ne

Yawancinmu da Yankari muka san gandun daji. A can, mutum ya hau mota da rani, ya bi bakin kogin Gaji, ya ga gwanki da ɓauna, in da rabo ya ga giwa, ya dawo ya faɗa ruwan Wikki. Fili ne, ido na kai wa nesa, kuma ƙishirwa ce ke tara dabbobin wuri guda.

A kurmi babu ko ɗaya daga cikin wannan. Ruwa yana ko'ina, don haka babu abin da zai tilasta wa dabba ta fito. Taku ashirin a gabanka ba ka ganin komai sai ganye. Birai suna can ƙololuwar itace, sai dai ka ji motsinsu. Ƙasa santsi, iska a jiƙe, ga ƙudajen da ke bin gumi. Mutum zai iya kwana uku yana tafiya a Oban ya fito bai ga komai ba sai malam-buɗe-littafi da sawun ƙafa. Ga masanin tsuntsaye wannan aljanna ce. Ga magidancin da ya biya kuɗin mota da na masauki don 'ya'yansa su ga dabba, asara ce.

Wannan shi ne matsalar farko ta kasuwar, kuma ba laifin kowace gwamnati ba ne. Duk inda yawon kurmi ya yi nasara a duniya, sai da aka nemo abu guda da baƙo zai tabbata zai gani.

Yadda Ruwanda ta yi, da inda hanyar ta toshe mana

Ruwanda da Yuganda sun warware matsalar ne ta hanyar sabar da gorila da mutane. Masu bin sawu kan ɗauki iyali guda su riƙa binsa kullum, shekara biyu ko fiye, har dabbobin su daina gudu idan sun ga ɗan'adam. Daga nan sai a fara kai baƙi, da dokoki masu tsauri: mutum takwas kacal a rana ga kowane iyali, awa ɗaya, a tsaya daga nesa, mai mura ba ya zuwa. Yi lissafin da kanka. Takwas sau 1,500, dala 12,000 ke nan a rana daga iyali guda, kuma iyalan da ake ziyarta sun haura goma. Tun 2005 gwamnatin Ruwanda ke ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin gandun daji don makarantu da asibitoci da ruwan sha a ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 ta mai da shi kashi 10. Sakamakon ya bayyana. Gorilar duwatsun Birunga na iyakar Ruwanda da Yuganda da Kwango, wadda a farkon shekarun 1980 ta ragu zuwa wajen 250, ta farfaɗo, har jimillar irinta a ƙasashen uku da take zaune ta haura 1,000.

To me zai hana a sabar da tamu? Masu nazarin dabbar sun daɗe suna jan ƙafa a kan haka, kuma hujjojinsu masu ƙarfi ne.

Gorilar Kuros Riba ta tsira ne saboda tsoron mutum. An yi shekaru aru-aru ana farautarta, sai ta haye duwatsu masu wuyar hawa ta ɓuya, har akwai lokacin da masana da dama suka zaci ta ƙare a Najeriya, sai a shekarun 1980 aka sake tabbatar da ita. Akwai masu gadin da suka yi shekaru suna sintiri ba su gan ta ido da ido ba sai sheƙar da ta kwana. Shi ya sa a watan Yulin 2020, da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da wata kyamarar jikin itace ta ɗauka a Duwatsun Mbe, na wani ayari har da jarirai a goye, labarin ya zagaya duniya. Idan ka cire wa irin wannan dabba tsoro a dajin da har yanzu mafarauta ke shiga da bindiga suna ɗana tarkon waya, ka miƙa ta ne ga mai kashe ta.

Ga kuma cuta. Jikin gorila ya yi kusa da namu ainun, murarmu na iya zama ajalinta. A 2009 wata cutar numfashi irin ta mutane ta kashe gorila biyu a Ruwanda, inda ake da likitocin dabbobi a shirye. Ruwanda na iya jure rashin biyu cikin ɗaruruwa. Garken da duka-duka bai fi talatin ba a kan dutse guda, annoba ɗaya ta ishe shi.

A ganina wannan ya rufe maganar, aƙalla a yanzu. Duk ɗan siyasar da ya yi alkawarin kawo baƙi su kalli gorila a Boki kamar yadda ake yi a Ruwanda, ko dai bai tambayi masana ba, ko ya tambaya bai saurara ba.

Lissafin mutumin ƙauye

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari mu ɗan zauna.

Ɗauki magidanci a wani ƙauyen Boki ko Etung. Daji yana ba shi abubuwa da yawa. Matarsa na tsinko ganyen afang da 'ya'yan agbono ta sayar. Shi yana samun naman daji. Idan dillalin katako ya zo, zai biya shi ko ya biya dattawan gari kuɗin itace nan take, kuɗi a hannu. Mafi girma duka, idan ya share wani yanki ya dasa koko, wato wanda ake cakulan da shi, bayan shekara uku zuwa biyar ya samu abin da zai riƙa girba har 'ya'yansa su gada. Yankin Ikom na cikin manyan wuraren noman koko a ƙasar nan, kuma a 2024 farashinsa a kasuwar duniya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, ya haura dala 10,000 kowane tan. Sabon saran daji kuwa shi ne ƙasar da koko ya fi so.

Yanzu sai wani ya zo daga Kalaba ko Abuja ya ce masa ya bar dajin, baƙi za su zo. Yaushe? Su nawa? In sun zo, wa za su biya? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma wannan mutumin ya riga ya ga kajin akurki da yawa. Lokacin da aka kafa gandun a 1991, an yi wa ƙauyukan kewaye alkawarin ayyukan raya ƙasa da tallafin Turai. Bayan da gwamnatin soja ta rataye ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa a 1995, Tarayyar Turai ta dakatar da taimakon da take ba Najeriya, aka bar mutane da dokar hana shiga daji, ba tare da abin da aka ce zai maye gurbinta ba. Har yau akwai ƙauyuka a tsakiyar ɓangaren Okwangwo, irin su Okwa, waɗanda aka yi ta maganar sauya musu matsuguni ba a yi ba, suna nan suna ƙaruwa, gonakinsu na faɗaɗa. Rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru kuma, tun 2017, ya koro dubban 'yan gudun hijira zuwa wannan iyaka, su ma ci za su yi.

Ko baƙin sun zo, akwai abin da ake kira yoyon kuɗi. Baturen da ya kashe dala dubu uku a tafiyarsa, mafi yawanta ta tafi ga kamfanin jirgi, da wakilin tafiye-tafiye na ƙasarsa, da otal na birni, da mai motar haya. Abin da ke isa ƙauyen sau da yawa bai wuce ladan ɗan jagora da na mai ɗaukar kaya ba. Wannan ma idan ya isa, wa ya karɓa? Idan sarkin gari da mutum biyar ne ke rabawa, mafarauci bai ga dalilin ajiye bindigarsa ba.

Shi ya sa abin da ake yi a Duwatsun Mbe ya fi burge ni a kan duk gine-ginen da aka yi a jihar. Ƙauyukan nan tara su suka shata iyakar wurin da ba a noma ba a farauta, su suke yanke tara ga wanda ya karya doka, kuma masu gadin 'ya'yansu ne, da yawansu tsofaffin mafarauta da suka san kowane lungu. Mutumin da jiya yake ɗana tarko, yau albashinsa na fitowa ne daga kwance tarko. Sai dai a faɗi gaskiya: albashin nan ba daga aljihun 'yan yawon buɗe ido yake fitowa ba, daga ƙungiyoyin agaji ne. Ranar da mai bayarwa ya gaji, tambayar za ta dawo sabuwa.

Abin da aka riga aka gwada a jihar

Ba za a ce Kuros Riba ba ta taɓa ƙoƙari ba. A zamanin gwamna Donald Duke, daga 1999 zuwa 2007, babu jihar da ta kai ta zuba kuɗi a wannan fanni. An gyara wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu, wanda asalinsa garken shanu ne da aka kafa a 1951, aka saka masa motar da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe a 2005. An fara bikin titi na Kalaba a 2004, an buɗe cibiyar kasuwanci da shaƙatawa ta Tinapa a 2007, an kuma ɗaura gadar igiya a saman itatuwan Afi. Bikin Kalaba ya rayu. Sauran kuwa labarinsu ɗaya: ginawa ta fi gyarawa farin jini a wurin masu mulki. Tinapa ta zama kango, motar igiyar Obudu ta yi ta tsayawa, gadar Afi kuma ambaliya da zaftarewar ƙasa suka lalata ta a 2012.

Abin lura, wanda ya fi daɗewa a tsaye shi ne mafi ƙanƙanta: wurin renon birin dril da ƙungiyar Pandrillus ta Liza Gadsby da Peter Jenkins ta fara a Kalaba a farkon shekarun 1990, ta kuma buɗe reshe a gindin Dutsen Afi kusa da ƙauyen Buanchor. 'Yan ɗakunan katako ne, ba wani ƙawa. Amma baƙo ya tabbata zai ga dril da cimfanzi, ma'aikatan kuma 'yan yankin ne, abincin birai ma a hannun manoman ƙauyen ake saye.

A gefe guda, hannun da ke tallar daji shi ne kuma ke barazana gare shi. A 2015 gwamna Ben Ayade ya fito da shirin babbar hanya mai tsawon kilomita 260 daga gaɓar teku zuwa iyakar Binuwai, a farkon 2016 kuma gwamnatinsa ta sanar da ƙwace filaye kilomita 10 a kowane gefen hanyar. Mutanen ƙauyukan Ekuri, waɗanda suka riƙe dajinsu na gado mai faɗin hekta 33,600 har suka samu lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004, su ne suka tsaya a gaba wajen ƙin yarda. Da matsin ya yi yawa daga ciki da waje, aka janye batun kilomita goman a 2017. Haka nan dokar hana saran katako da gwamna Liyel Imoke ya kafa a 2008: an yi shekara 15 tana aiki a takarda, manyan motoci na fita da katako da dare, 'yan ƙauyen da a da suke samun kasonsu na halal suka rasa, har gwamna Bassey Otu ya ɗage ta a 2023.

Darasin Kakum, da na Kosta Rika

Idan ana neman abin koyi da ya yi daidai da ƙarfinmu, Gana ta fi Ruwanda kusa. Gandun Kakum, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birnin Kef Kos, kurmi ne mai irin matsalar Oban: akwai giwaye a ciki amma ba mai ganinsu. A 1995 aka ɗaura gadar igiya mai tsawon kimanin mita 350 a tsakanin manyan itatuwa, can sama da ƙasa. Dabara ce mai sauƙi. Ba a yi wa kowa alkawarin dabba ba, tsoro da daɗin tafiya a sama su ne hajar. Wurin ya zama cikin waɗanda aka fi ziyarta a ƙasar, kuma da yawan masu zuwa 'yan Gana ne: ɗalibai, ƙungiyoyin coci da na masallaci, ma'aikata a ranar hutu. Sannan taron jama'ar yana tsayawa ne a gefe guda, cikin dajin ya samu sarari.

Muhimmancin baƙon gida ya fito fili a 2020. Da annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, wuraren da suka dogara da Turawa kaɗai suka wayi gari babu ko sisi. A gandun gorila na Bwindi da ke Yuganda, cikin watan Yunin shekarar, wani mai ɗana tarko ya kashe shahararren namijin gorila mai suna Rafiki, aka ɗaure mutumin shekara 11. Kasuwar baƙon waje kamar tsuntsu take, ƙara ɗaya ke tashinta. Ga ƙasar da ofisoshin jakadanci ke yawan gargaɗin mutanensu game da satar mutane, gina shiri a kan Bature kaɗai ganganci ne.

Kosta Rika kuwa, da ake yawan kafa misali da ita, an fi faɗin rabin labarinta. Gaskiya ne dajinta ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar a shekarun 1980, ya dawo ya haura rabi. Amma ba baƙi kaɗai suka yi aikin ba. Dokar daji ta 1996 ta hana mai da kurmi gona, sannan daga 1997 gwamnati ta fara biyan masu filaye kuɗi don su bar itatuwansu a tsaye, da harajin da take cirewa daga man fetur. Baƙin sun zo ne suka tarar da dajin da doka da baitulmali suka riga suka tsare.

Masu goyon baya da masu shakka

Masu goyon baya suna cewa ko ba komai, idon baƙo tsaro ne. Inda ake kai mutane kullum, mai injin yanka ba ya sakewa. Suna cewa aikin jagora da girki da saƙa da tuƙin babur na iya riƙe matashin da in ba haka ba zai tafi Legas ko ya shiga daji da zarto. Suna ƙarawa da cewa gwamnati ba ta kare abin da ba ya kawo mata haraji, don haka gara a ba ta dalili.

Masu shakka kashi biyu ne, kuma ba su jituwa da juna. Akwai masana dabbobi da ke tsoron hanya: duk titin da aka share don motar baƙi, shi ne motar katako za ta bi da dare. Akwai kuma masu kare haƙƙin mazauna daji, waɗanda ke tuna wa duniya da 'yan ƙabilar Batwa na Yuganda. A 1991 aka fitar da su daga Bwindi da Mgahinga don a yi gandun gorila, akasarinsu ba tare da an ba su fili ba, yau wasunsu na rawa a gaban baƙi a bakin dajin da kakanninsu suka rayu a ciki. Nasarar da ake yabo tana da waɗanda suka biya kuɗinta.

Ni dai na fi karkata ga cewa yawon buɗe ido ƙafa ɗaya ce ta murhu. Ba zai iya gogayya da kuɗin koko shi kaɗai ba, ko kusa. Zai yi amfani ne idan an haɗa shi da masu gadi da ake biya a kan lokaci, da taimaka wa manomi ya ninka amfanin tsohuwar gonarsa maimakon saran sabuwa, da rubutacciyar doka da ta fayyace kason ƙauye a kowane tikiti, wadda ake liƙa lissafinta inda kowa zai gani.

Ina ruwan mutumin Arewa?

Ruwansa na farko yana kan rufin ɗakinsa. Wani kaso na katakon da ake sayarwa a kasuwannin Kano da Kaduna da Jos daga wannan kurmin yake fitowa, kuma Hausawa na cikin masu fataucinsa da masu tuƙa shi, kamar yadda suke cikin harkar goro da shanu a Ikom da unguwar Bogobiri ta Kalaba. Idan aka tsaurara tsaron daji da gaske, katako zai ƙara tsada, kafinta da mai gini za su ji a jikinsu. Idan ba a tsaurara ba, zai yi araha na ɗan lokaci sannan ya ƙare. Mutanen Taraba sun ga irin wannan da itacen madobiya, da 'yan kasuwa suka yi wa wawa don kai wa Sin, cikin 'yan shekaru manyan suka ɓace daga dazuzzuka da dama.

Manomin koko shi ma yana da abin dubawa, domin Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta hana shigar da kokon da aka noma a dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020. An yi ta ɗage ranar fara aiki da ita, amma masu saye sun riga sun fara tambayar taswirar gona. Wannan kaɗai na iya sauya lissafin mutumin Boki fiye da baƙi dubu.

Tambayoyin kuma ba na kudu kaɗai ba ne. Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya, a tsakanin Taraba da Adamawa, yana da kurmin duwatsu da cimfanzi da makiyaya da ke zaune a cikinsa, kuma tun 2017 wata ƙungiya mai zaman kanta, Africa Nature Investors, ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandun daji wajen ɗaukar masu gadi daga garuruwan yankin. Can ma da tsaro aka fara, ba da otal ba.

Ga wanda ke da niyyar zuwa ya gani da idonsa, rani ya fi, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hanyoyin Boki ke biyuwa kuma tsattsewar Boje tana nan. Daga Ikom ko Obudu ake shiga. Ya ɗauki jagora ɗan ƙauyen ya biya shi hannu da hannu, ya sayi abincinsa a can, kada ya sayi naman daji a bakin hanya ko ɗan biri a keji. Gorila kam ba zai gan ta ba. In ya yi sa'a, jagoran zai nuna masa rassan da ta lanƙwasa ta kwana a kai daren jiya.